Ƙarafan Motar Malam

Har yau in na ji kukan soson ƙarfe a bayan tukunya, sai in ji haƙorana sun mutu kamar na tsotsi ɗanyar tsamiya. Mutanen gida sun sani, shi ya sa sunka mai da wanke-wanke can bayan madafa, inda suke zaton kunnena ba ya kaiwa. Yana kaiwa. Duk wanda ya shigo gaishe ni sai ya ce in yi haƙuri, ƙarfe ne, ƙarfe kuma ba rai gare shi ba. Na ji. To ni ma a saurare ni, in faɗi inda abin ya faro da inda ya tsaya.

Maigidana, Allah Ya jiƙan shi, direba ne. Malam nake ce mishi, don ɗan gidan malamai ne na nan wajen Ƙofar Atiku. 'Yan'uwanshi duk masu buzu da littafi ne, shi kaɗai sitiyari ya ja. Ina da cikin fari ya sayi motar a hannun wani ɗan kasuwa na Sabon Gari da ya tashi komawa garinsu. Tun a lokacin ba sabuwa ba ce. Baƙa ce, mai dogon hanci da faɗin ƙugu, irin wadda yanzu sai a shekara ba a ga 'yar'uwarta bisa titi ba. Da ita ya ci da mu, da ita ya tufatar da mu. Ya kai malamai wa'azi ƙauyuka, ya ɗauki amare, ya daɗe yana kai wasu ma'aikata kamfanin siminti na Kalambaina da safe ya ɗauko su da yamma.

Lungunmu matsattse ne, jaki da mangala da ƙyar yake wucewa, balle mota. Can bakin hanya take kwana, gindin dogon yaro, kusa da masallaci. Ni kuwa matar kulle ce, kamar uwata, kamar uwar mijina. Ban ƙi ba, ban kuma yi kuka da shi ba, haka munka tarar. Sai dai saboda haka ban san motar nan a dunƙule ba. Gutsure-gutsure na san ta.

Wata Alhamis bayan la'asar Malam ya shigo da wasu ƙarafa a naɗe cikin hannun rigarshi. Ya miƙa hannu cikin jerena ya sauke babbar tasa, cikin waɗanda uwata ta kawo ni da su, ya zube su ciki. Zobban da ke kewaye fitilu, da murafun taya, da murfin tankin mai, da ƙoƙon bayan madubi, da wani ɗan tambari da ke zama bisa hancin motar.

Na ce, "Malam, tasar aurena ka samu ta zuba tarkace?"

Ya ce, "Tarkace? Ɗauki ki duba."

Na ɗauki zobe guda, sai ga fuskata a ciki, ta miƙe ta yi tsawo kamar ta raƙumi. Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya nuna mini wani layi siriri a gefen zoben, ya ce masu wankin mota na bakin gulbi ne sunka yi shi da tsumma mai yashi.

Na ce, "Azurfa ce?"

Ya ce, "Ba azurfa ba ce. Baƙin ƙarfe ne anka zuba wa farin ruwa bisa, makanikai na ce mishi kurom. Kaurinshi bai kai ɓawon albasa ba. In ya tahi ya tahi, garin ga babu mai mai da shi. Hannun maza ya yi mishi nauyi. Na ga yadda kike lallaɓa tasoshinki, shi ya sa na kawo miki."

Daga ranar nan aikin ya zama nawa.

Ba wanda ya koya mini. A hankali na gane halinshi, kamar yadda ake gane halin jariri. Farko na gane ba a taɓa shi a bushe. Ƙurar hanyar Kalambaina fara ce, ta dutse da siminti, in raɓa ta sauka kanta sai ta kama jikin ƙarfe ta daskare. Wanda ya sa tsumma ya murza a haka, da hannunshi ya karce. Sai in jiƙa tsamiya, in tace, in sirka da ruwa har tsamin ya rage kaɗan a harshe, in tsoma su, in tafi in yi tankaɗe. Kafin in dawo ƙurar ta saki. In ɗauraye da ruwan randa, in tsane da sauri, don ruwan da ya bushe da kanshi tabo yake bari.

Sannan toka. Ba tokar murhu ba, wannan akwai ƙasa a cikinta. Karan gero nake ƙonawa daban bisa tsohon faranti, in dama tokar da ruwa, in tace da ƙyalle, in bari ta kwanta. Ta ƙasa in zubar. Ta saman nan, mai laushi kamar kindirmo, ita nake lakata da ɗan yatsa. In fara gwada ta tsakanin haƙorana, in na ji ƙas ko kaɗan, ta tafi bola. Da tsohon rawanin Malam nake gogewa, wanda ya sha wanki har ya koma kamar auduga. Hannu ba ya dannawa, yawo kawai yake yi. Lungu-lungun tambarin nan, inda yatsa ba ya shiga, tsinken tsintsiya nake naɗa wa auduga in bi su. Gaba da baya nake gogewa, har gefen da ke manne da jikin mota, wanda ido ba ya gani. Malam ya taɓa ce mini wahalar banza nake yi. Na ce ai ta can tsatsa take farawa.

Kowace Alhamis haka, don mota ta je Juma'a fes. In sallah ta gabato kuwa, har mariƙan ƙofa da haƙoran gaban motar da 'yan sandunan gefe yake kwancewa da sukundireba, ya zuba notinan cikin gwangwani. Ina goyo ina gogewa. Ina daka in aje taɓarya in je in juya ƙarfe cikin tsamiya. Malam ba mai yawan magana ba ne, amma ranar Alhamis yakan jawo tabarma kusa da ni, yana karɓar wanda na gama yana ɗaga shi sama yana dubawa, yana ba ni labarin hanya. Wane ya yi amai a kujerar baya, wace amarya ta yi kuka har ta shiɗe, wane malami ya manta takalminshi a ƙauye. Duk abin da na sani na duniyar waje, bisa tasar nan na ji shi.

Amma ban taɓa ganin aikina a inda yake zama ba. In za mu suna ko gaisuwa, sai bayan magariba ake fita da mu, a lulluɓe. In laluba mariƙin ƙofa, in ji shi sumul, da sanyinshi, in gane shi kamar yadda uwa take gane ɗanta cikin duhu. Iyakar sanina ke nan. Sau ɗaya anka sa ni cikin motar da rana, ranar da jini ya ɓalle mini bayan haihuwar auta, a ranar kuwa ban san inda kaina yake ba.

Labari dai nake ji. Dillaliya ta shigo ta ce, "Yanzu motar mijinki ta gifta ni, wallahi sai da na kare ido." Malam ya dawo daga Juma'a ya ce yara sun yi cincirindo ƙofar masallaci suna duba haƙoransu a murfin taya. Wata rana na ce mishi, "Malam, ina son in gan ta da rana, ko sau ɗaya." Ya ce, "Ke dai bari, akwai lokaci." Na bari.

Cikin goman ƙarshe na wani azumi ya kwance su duka ya kawo, ya ce a yi musu gyaran sallah. Kashegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba a ga watan sallah ba sai da anka kai shi makwancinshi. Ƙarafan na cikin tasa, gwangwanin noti na gefe.

Na yi takabata da tasar a gabana. Da na fita takaba na riga na manyanta, ba mai tsare ni. Na ɗauki mayafi da hantsi na bi lungu har bakin hanya. Ga motar gindin dogon yaro. Tsuntsaye sun yi mata kashi, tayoyi sun sace, fitilu sun zazzaro ba zobe, inda mariƙai suke sai ramuka, wani ya zura waya ya ɗaure ƙofa. Kamar fuskar da anka aske wa gira. Wanga ne ganina na farko da rana. Na juyo gida ban gaya wa kowa ba.

A rabon gado motar ta faɗa hannun babban ɗana. Tasa kuwa ba wanda ya tuna da ita, ni ma ban tuna wa kowa ba. Motar da ba ta tashi, in anka mai da mata kayanta, kafin gari ya waye 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe. Sai na canza hannu. Na goge kowane, na shafe shi da man kaɗanya da kauri, na naɗe shi cikin yankin rawani, na tura tasar ƙarƙashin gado. Man yana dusar da su, su koma kamar an shafa musu kunu, amma tsatsa ba ta ratsa shi. Duk shigowar damina da fitarta in jawo, in share tsohon mai, in duba fuskata, in shafa sabo. A cikin zoben fitilar nan na ga furfurata ta fari.

Sai in faɗi wane ne babban ɗan nan, don a gane abin da ya biyo. Ɗan fari ne. Mu kuwa ba mu kiran sunan ɗan fari, ba mu zama hira da shi, ba mu duban tsakar idonshi. Ana yaye shi uwar Malam ta ɗauke shi zuwa sashenta. Ita yake ce wa Inna, ni Gwaggo. Da ya girma ya buɗe shagon kayan gini, sai na samu abin kiranshi, mai shago. In ina da magana da shi, matarshi nake ba saƙo, ko auta. Bai taɓa zama gabana ina aikin tasa ba. Ƙannenshi duk sun sha duka a bayan hannu don sun kai yatsa ciki, shi bai sha ba. Mutum ne mai kirki, ban rasa ci ba ban rasa sutura ba a hannunshi. Ina faɗin wannan don kada a ce fushi ya sa na danne gaskiya.

Ɗiyarshi ce ta tada maganar. Ta gama karatun jinya, ta kawo wanda take so, anka sa rana. Ta faɗo ɗakina ba ko sallamar kirki, ta haye gadona da waya a hannu.

"Tsohuwa, ina dukiyar da kike ɓoyo ƙarƙashin gado? Lokacinta ya yi."

Na ce, "Sauka mini daga gado, ja'ira. Mijin naki mai kan gwanda bai sai miki naki ba?"

Ta ce, "Mai kan gwandan ne zai haɗa har ke ya ɗauke, in kin yi wasa. Dubi nan."

Ta tura mini wayar a hanci. Amare ne tsaye jikin tsofaffin motoci, kowace ta dafa tata. Ta ce, "Yanzu su ake yayi. Masu hali nemansu suke ido rufe, mu ga tamu tana ruɓewa gindin bishiya. Baba ya yarda, zai kira makaniki. A motar kakana za a yi mini hoto."

Na ce, "Da wane lokaci?"

"Da hantsi mana. Wa ke hoto cikin duhu?"

Na juya mata baya ina gyara matashi, don kada ta ga fuskata ta samu abin tsokana. Da hantsi. Motar da kayanta duka a jikinta. Abin da na roƙi Malam, ashe a hannun wagga marar kunya zai zo mini.

Makaniki ya daɗe a ƙarƙashin motar. Wata safiya muna tsakar gida munka ji tari daga bakin hanya, tari, tari, sai ta kama. Na san muryar nan. Na zauna bisa turmi ina saurare. Anka tafi da ita wajen fenti. Ni kuma na sa anka nemo mini karan gero daga ƙauye, na ƙona, na tace, na aje. Ba wani babban aiki ya rage ba. A share mai, a bi su da toka sau ɗaya a hankali, shi ke nan.

Ana shiga makon biki sai ga saƙon rasuwar mijin ƙanwata, a ƙauyenmu, ƙetaren gulbi. Ba yadda za a yi in ƙi zuwa, kuma sai an yi sadakar uku zan dawo. Na kira surukata, matar mai shago, na ce, "Ki gaya mishi kada a taɓa tasar nan. Da hannuna zan share su in miƙa wa makaniki. Zan dawo kafin ranar hoto."

Ta ce, "To, Gwaggo."

Na ce, "Kin ji dai? Kada a taɓa."

Ta ce, "In sha Allahu, Gwaggo. Allah Ya kiyaye hanya."

Ranar da na dawo, tun daga zaure na ji ƙarar. Ranar wankin tukwane ce. Mata cike da tsakar gida, manyan tukwanen aro a kife, tarin yashin gulbi a gefe, kowace da sosonta na ƙarfe, ana ƙurza ana shewa. Ban kawo komi a raina ba. Ana ta yi mini sannu da hanya, ya ƙarin haƙuri, ina amsawa. Sai idona ya faɗa kan tabarmar da anka shanya ludaya da murafun tukunya. Tsakaninsu ga zoben fitila. Ga mariƙan ƙofa a jere kamar cokula. Ga tambarin. Yankunan rawanin Malam kuwa an tara su bakin kwata, wata ta riga ta ɗauki guda tana sauke tukunya da shi.

Maƙwabciyarmu, mace mai ƙarfin hannu wadda duk unguwa ake nema ranar biki, ta taso tana share zufa da haɓar zane.

"Gwaggo, mun hutasshe ki! Kin ga maiƙon da ke jikinsu kuwa? Sabulu ya ƙi, sai da munka sa yashi, munka bi da soso. Ga su nan, tas."

Na duƙa na ɗauki zoben. Zoben da nake ganin tsagar fuskata a ciki ɗaya-ɗaya. Na duba, sai dishi-dishi, kamar gindin tukunya. Layuka sun bi shi ko'ina, kamar inda kaji sunka yi tono. A baki-baki, inda hannu ya fi dannawa, farin ya tafi, rawaya ta leƙo, wani wurin har ja. Tambarin sun cinye mishi gefe. Na ɗauki wannan in aje, in ɗauki wancan. Ba su bar ko guda ba, masu aikin kirki ne. Na juya cikin zoben, gefen da ke manne da mota. Can soso bai kai ba. Ga maina yana nan. Na share da babban yatsa, sai ga idona yana kallona.

Na ce, "Wa yab ba ku?"

Shewa ta tsaya.

"Na ce wa yash shiga ɗakina?"

Surukata ta fito daga madafa, hannu duk gari, ta durƙusa. "Gwaggo, wallahi na faɗa mishi. Makaniki ne ya zo jiya yana son ya fara ɗaurawa. Maigidana ne ya shiga ya jawo tasar, ya buɗe ya ga sun dushe. Na ce kin ce a jira ki. Ya ce kin tsufa, ga gajiyar hanya, a hutasshe ki. Ya ce gogewa ce dai, wace mace ce ba ta iya ba."

Wace mace ce ba ta iya ba.

Ban yi fushi da matan ba, har yau ban yi ba. Abin da sunka sani sunka yi. Tukunya sai da yashi, ni ma haka nake yi wa tawa. Maƙwabciyar nan har fatar yatsunta ta saɓule don ta faranta mini. Amma shi mai shago! An gaya mishi. Saƙona ya isa kunnenshi, ya auna shi, ya ga bai kai nauyin jira ba. Tsumma kawai abin nan yake so, tsumma mai laushi da zama. Tun ina ɗauke da cikinshi nake lallaɓa ƙarafan nan, na lallaɓa su da goyo, na lallaɓa su da jego, na lallaɓa su da takaba. Shi a wurinshi duk wanke-wanke ne.

Ban aje mayafi ba. Na juya da zoben a hannu na nufi zaure, inda maza ke zaune ana ƙulla goron biki. Tun da anka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa cikin maza a zauren nan ba. Yana zaune tsakiyar abokanshi da baffanninshi. Na buɗe baki na kira sunanshi. Sunan yanka, wanda bai taɓa fita bakina ba tun ranar da anka raɗa mishi.

Ƙanen Malam, tsoho ne shi ma yanzu, ya ce, "Subhanallahi." Mai shago ya zabura ya miƙe, hularshi ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Gwaggo, lafiya? Wani abu ya faru?"

Na miƙa mishi zoben. Na ce, "Duba fuskarka."

Ya karɓa, ya juya shi, ya sake juyawa. "Ai sun fita, Gwaggo. Da duk sun dushe."

"Mai ne. Ni na shafa. Duk damina ina shafawa, tun ɗiyar da za ka aurar tana rarrafe."

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, kuma anka ce ka jira, kuma ba ka jira ba."

Ya rage murya. "Don Allah a yi haƙuri, mutane na ji. Akwai fenti ruwan azurfa a shagona, sai a fesa musu. Ko a duba kasuwa, ana samun na roba masu walƙiya. Ba mai ganewa."

"Na roba."

"Wallahi ba mai ganewa, Gwaggo."

Na ce, "Ni fa? Ni ba kowa ba ce?"

Ƙanen Malam ya sa baki. "Haba, matar yaya, koma ciki a yi maganar a tsanake. Ƙarfe ne fa."

Na ce, "Kai ma ka sha tsayawa gaban motar nan kana gyara rawani a jikinta. Ka taɓa tambaya wa ke wanke mata fuska?"

Ya ce, "Wallahi ni na ɗauka haka masu ita sunka ƙera ta, ba ta dushewa."

Wasu sunka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da gaskiyarshi ya faɗa, shi ne ma abin da ya fi ƙona ni. Na karɓe zoben daga hannun mai shago. Na ce ba fenti, ba roba, a ɗaura su yadda suke. Na koma ciki na rufe ƙofata.

Safiyar hoto amarya ta shigo da lallenta da kwalliyarta. Ba ta hau gado ba, ƙasa ta zauna. Ba ta ce tsohuwa ba.

"Kaka, da na sani da na kulle ɗakin na tafi da makulli."

Na ce, "Share hawayen nan, kwalli zai zubo, mai kan gwanda ya ce ya fasa."

Ta yi dariya tana kuka. Ta ce, "Ki fito, don Allah. In ba ki fito ba ba zan yi ba."

Na ɗauki mayafi na bi lungu. Rana ta fito sosai, irin wadda na roƙa. Ga mota bakin hanya, sabon fenti baƙi wuluk yana ɗaukar ido. Kowane ƙarfe yana wurinshi. A ranar na ga inda kowane yake zama. Ashe 'yan sandunan nan layi guda suke yi, tun daga fitila har baya. Ashe tambarin gaba yake kallo, ni duk zatona direba yake kallo. Na tsaya ina duban su ɗaya-ɗaya, na san kowane, na san nauyinshi a tafin hannuna. Rana ta sauka kansu ta tsaya nan, ba ta dawo ba. Toka-toka, kamar murafun tukunya. Yara sun kewaye motar suna ihu, ba wanda ya duƙa ya nemi haƙoranshi a taya.

Mutane na ta faɗin, "Kai, mota ta fito! Allah Ya jiƙan mai ita." Mai hoto ya kewaya, ya ce wa mai shago, "Kada ka damu da ƙarafan nan, Alhaji, zan gyara su a kwamfuta, sai sun fi sabbi ƙyalli." Anka jawo ni in tsaya gefen amarya. Na tsaya, don ita. Anka ce in dafa motar. Na kama mariƙin ƙofa, sai ya kama mini tafi, kaushi-kaushi. Ban gane shi ba. Anka ce in yi murmushi. Ban yi ba.

Bayan biki ta kawo mini hoton a gilashi. Ƙarafan na ta tartsatsi kamar taurari. Ta ce, "Kaka, dubi, sun yi kyau." Na ce ta kai ɗakin mijinta ta rataya. Wannan ba aikina ba ne.

Daminar da ta biyo, tsatsa ta bi layukan nan ta shiga, ja-ja, tun daga baki-baki. Mai shago ya aiko matarshi, wai ko a kwance su a kawo in shafa musu mai. Na ce a bar su inda suke, ya riƙa gani in zai tafi shago. Tasar kuwa na wanke ta, na mai da ita cikin jere, inda Malam ya sauke ta. Ba komi a ciki.

Kullum da safe mai shago yakan zo ya durƙusa bakin ƙofata. "Gwaggo, ina kwana." Ina amsawa, ban taɓa ƙin amsa gaisuwarshi ba. Sai in kira sunanshi, sarai, yadda kowa na titi yake kiranshi, in tambaye shi iyali. Duk sanda na faɗa sai kafaɗarshi ta motsa kamar an ɗana mishi garwashi. Matarshi ta roƙe ni, auta ta roƙe ni, ƙanen Malam ya aiko, wai abin ba daɗin ji, in koma ce mishi mai shago. Ban koma ba. Yau ma ya zo, na kira.